Tulun da ke Gindin Lemon Baba

Dungas, watan Ƙaramar Salla, 1314

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Huraira 'yar marigayi Malam Idi, zuwa ga Baffa Maina mai lambu a Magarya. Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Fanta da mutanen gida. Mu ma lafiya, sai kewa. Inna tana cikin takaba, abinci ma sai an matsa mata.

Baffa, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Don Allah ka karanta da kanka, kada a karanta a zaure. Maganar ƙarshe da na yi wa Baba a duniya ƙarya ce.

Ka tuna dashen lemun tsamin da ka aiko masa shekara biyu da suka wuce, bayan kun daɗe ba ku gaisawa. Ya dasa shi a garkar bayan gida, ya binne tsohon tulu mai tsaga a gindinsa, wuyan kawai ake gani. Cikin tulun ake zuba ruwa, yana tsattsafowa a hankali. Baba yakan ce wa lemon baƙo. Ya ce ba ɗan ƙasar nan ba ne, sai da lallashi. Da ciwo ya kwantar da shi, aikin ya dawo hannuna. Ranar da zai rasu, da hantsi, ya ce, "Huraira, kin cika tulun baƙo?" Na gaji da daka, rijiya kuma da nisa. Na ce, "Na cika, Baba." Ya ce, "Madalla da 'yar Malam." Na ce a raina in na gama tankaɗe zan je. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Kwana tara ban leƙa garkar ba. Ba mantawa na yi ba, kunyar tulun nake ji. Da na je na tarar ya bushe ƙayau, ganyen lemon ya naɗe. Tun daga ranar safe da yamma nake ba shi ruwa, har cikin azumi, amma ganyen sai ƙara zama ruwan ɗorawa yake yi, wasu suna zubewa.

Garkar tana wajen danga, Inna ba ta fita. Kullum da safe sai ta ce, "Baƙon Malam ya kwana lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Inna." Ta ce ranar da ta fita takaba, biyar ga Almuharram, ba za ta je gidan kowa ba sai ta fara zuwa ta gan shi. Baffa, shi kaɗai ne abin da Baba ya bari da yake da rai yana jiran hannu. Ina so ta tarar da shi kore.

Baba ya ce kakanku ɗaya, makarantar allo ɗaya kuka yi, kuma duk fadamar Magarya ba wanda ya kai ka sanin lemo. Ni sau ɗaya na taɓa ganinka, ina ƙarama, ka zo Dungas ba ka shigo gidanmu ba, na ɓuya a bayan rumbu ina leƙenka. Ka yafe mini rubutuna. Karatuna bai wuce izu goma ba, ajamin ma a ƙasa Baba ya koya mini da tsinke. Takarda huɗu na samu a gafakarsa, wannan ce ta fari. Dikko mai kanwa zai kawo maka. Ka faɗa mini abin da zan yi, zan yi.

'Yarka Huraira.

Magarya, ƙarshen watan Ƙaramar Salla

Daga Maina zuwa ga 'yata Huraira. Aminci ya tabbata gare ku. Muna lafiya, sai ƙafata da ta hana ni zuwa ta'aziyya, Allah shi ne shaida. Fanta tana gaishe da mahaifiyarki Azumi, ta ce ta yi haƙuri. Allah ya jiƙan Idi, ya haskaka kabarinsa.

Takardarki ta iso, ni kaɗai na karanta. Maganar tulu ki yi istigfari ki bar ta. Yarinta ce, kuma ba ruwan tulu ne ke riƙe ran mutum ba.

Yanzu ki saurara da kyau. Lemo arba'in ne a lambuna, ban da wanda na ba mutane. Shekara ashirin ina wannan aiki. In ganyen lemo ya yi ɗorawa, sau tara cikin goma ruwa ne ya yi masa yawa. Kin ce safe da yamma kike ba shi. Subhanallahi, ai ko kada ba ya son haka! Saiwa ce take ruɓewa a ƙasa kina ƙara mata.

Abu uku za ki yi. Ki tone tulun nan ki fitar, shi ke tara laima a gindi. In akwai wani abu da ya tare masa rana ki kawar, lemo ɗan rana ne, nawa a fili suke tsaye ba su taɓa kokawa ba. Ruwa kuma daga ranar kasuwa sai wata ranar kasuwa, guga ɗaya, ba ƙari. Kada tausayi ya sa ki saɓa. Mai lambu da taushin zuciya ba ya cin 'ya'yan itace.

Ubanki malami ne, ban ja da shi a littafi ba, amma a shuka kullum dabarunsa na mutanen jigawa ne. Lemo ba na kowa ba ne. Tun farko na san an ɗora kaya inda ba za a iya ɗauka ba. Duk da haka ki bi abin da na ce, kafin Azumi ta fita za ki ga toho.

Ki rubuto ki faɗa mini yadda ya yi. Wassalam.

Dungas, farkon watan Zulƙida

Zuwa ga Baffa Maina, gaisuwa da ladabi. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi. Inna ta amsa gaisuwar Gwaggo. Tari ya ɗan dame ta, amma ya lafa.

Na yi duk abin da ka ce. Tulun ne ya ba ni wuya. Da na tona sai na tarar saiwoyi sirara kamar gashi sun rungume shi ta ko'ina, sun shiga har cikin tsagar. Sai da na tsinke su da hannuna. Ban ga wadda ta ruɓe ba, farare ne, amma wataƙila ban san yadda ruɓa take ba. Na ajiye tulun a ƙarƙashin rumbu.

Zana biyu Baba ya kafa masa ta yamma, su ma na cire. Baffa, ba musu nake yi ba, ina so ne ka san yadda wurin yake, tunda ka daɗe rabonka da shi. Baba bai dasa komai a gidan nan da ka ba. Ta gabas ya jera aguwa da gamba, don iskar farkon damina kada ta kwaso rairayi ta binne mana danga. Kurna tana yamma da ɗakin Inna, da la'asar inuwarta a bakin ƙofa take faɗuwa. Zogale yana inda ruwan wanka yake bi, ba a taɓa ɗebo masa ruwa ba. Bishiyar gawo ta gona kuwa, ya hana a taɓa ko reshenta. Yakan ce rana biyu ce a Dungas, ta safe mai gaisuwa ce, ta bayan azahar mahauciya ce. Zanar don mahauciyar ya kafa.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ranar kasuwa na zuba guga ɗaya, kafin in naɗe igiya ƙasar ta shanye, kamar ban zuba ba. Da rana in na taɓa ƙasar gindin sai na janye hannu. Ganyen da ya rage bai kai in ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba.

Jiya Inna ta ce, "Ina jin bana zai yi fure ko?" Na ce, "In Allah ya so." Ta ce, "Malam ya ce shekara ta uku. Bai taɓa faɗin abin shuka ya saɓa ba." Sai na fita na ce zan duba akuya.

Inda ka ce an ɗora kaya inda ba za a iya ɗauka ba, na karanta sau da yawa. Gaskiya ka faɗa. Da Baba yana da ɗa, ko 'ya mai hankali, da ba a kai nan ba. Ban ji haushi ba.

Na ƙulla ƙasar gindin a tsumma na haɗa da takardar, ka duba ko wata cuta ce a cikinta. In ƙara ruwa? In mayar da zana? Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ka.

Huraira.

Dungas, bayan Babbar Salla da kwana uku

Baffa, gaisuwa. Barka da Salla. Muna nan da rai.

Yau Dikko ya sauka a kasuwa. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban maza, na ratsa rumfar 'yan kanwa na tsaya a gabansa. Na ce, "Baba Dikko, ina amsar Baffa?" Ya ce, "Wace amsa, 'yar Malam? Ai ban je Magarya ba tukuna. Gabas na yi ɗaukar kanwa, jakina ɗaya ya gurgunce a hanya." Ya laluba jakarsa ya fito da takardata, da ƙullin ƙasar a jikinta yadda na ɗaure. Ya yi dariya ya ce, "Kin ga amanarki, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba."

Kusan kwana talatin ke nan ina jira. Na ɗauka fushi ka yi da ni, shi ya sa ka yi shiru. Sau uku na ɗauko tulun zan mayar, sai in tuna kai ne mai lemo arba'in, ni kuwa wadda ta yi wa ubanta ƙarya ce. Sai in ajiye.

Ba sauran ganye. Na kankare ɓawon da farce tun daga sama har gindi, ban ga kore ba. Reshe in na lanƙwasa karyewa yake.

Saura kwana ashirin da biyu. Da safen nan ma ta tambaya, na ce lafiya lau.

Dikko zai kawo maka takardun biyu tare.

Magarya, ashirin da huɗu ga watan Babbar Salla

Daga Maina zuwa ga Huraira. Aminci gare ki da mahaifiyarki. Jikina lafiya. Zuciyata ce ba lafiya.

Na karanta takardunki a bakin rijiyar lambu. Na kwance ƙullin na zuba a tafin hannu, na kawo ruwa na tsiyaya. 'Yata, kafin in ƙifta ido ruwan ya bi ta tsakanin yatsuna ya tafi. Na ɗebo ƙasar lambuna na yi mata haka, ta riƙe ruwan ta zama laka har ina iya gina kasko da ita. Fanta ta same ni zaune da ƙasa a hannu biyu, ta ce, "Malam, wasan yara ka koma?"

A kan wannan rairayin aka yanke mini cibiya, amma na manta shi. Na ba ki maganin fadama kina kan jigawa. Lemona suna tsaye a rana ne don ƙafarsu tana cikin laima, ga dabino yana yi musu inuwa ta sama, ni kuwa ban taɓa lura ba saboda kullum ina ganinsu. Ganyen naki ƙishi ne ya sa shi ɗorawa. Da na ce ki ci gaba da abin da kike yi, ki ƙara masa taki, da ya farfaɗo. Kwana taranki bai kashe shi ba. Takardata ce ta kashe shi.

Maganar kaya kuma, wallahi ba ke nake nufi ba. Ubanki nake wa gori, shi da ƙasarsa. Gori ga mamaci, Allah ya yafe mini. Bari in faɗa miki abin da ya raba mu. Da zan bar Dungas na ce masa ƙasar nan ba ta haifar komai sai ƙaya, ya taso mu tafi. Ya ce ƙasa ba ta rowa, sai dai a tambaye ta abin da ba ta da shi. Na ce ya zauna ya ci ƙayar. Shekara goma sha takwas ba mu sake magana ba. Da na aika masa lemon, mutane sun ce sulhu ne. Rabi sulhu ne. Rabi so nake ya ga abin da ƙasata take bayarwa, ya mutu a hannunsa ya san na fi shi gaskiya. Shi kuwa ya karɓa, ya raya shi shekara biyu a kan rairayi da fasasshen tulu, ya aiko mini cewa baƙona yana gaishe ni.

Ga abin da zan iya. Na zaɓi dashe mai tsawon naku, na sa a kasko da lakarsa, na roƙi Dikko ya juyo takanas. Zai iso kafin biyar ga wata. Ki cire busasshen ki sa wannan a ramin, ki mayar da tulu da zana. Azumi wata huɗu ba ta gan shi ba, ba za ta bambance ba. Kada a haɗa mata rashi biyu.

In kuma kun yarda, bayan takaba ku taso Magarya. Akwai ɗaki, akwai ruwa kusa. Ki daina jan guga mai nisa.

Ki yafe wa tsohon da ya cuce ki.

Dungas, takwas ga Almuharram, 1315

Zuwa ga Baffa Maina, gaisuwa da ladabi. Ina fatan ƙafa da zuciya duk sun yi sauƙi. Inna ta fita takaba lafiya. Shekaranjiya an yi yayyafi na fari, bai kai na shuka ba. Wannan ce takarda ta ƙarshe a gafakar Baba, shi ya sa na ƙanƙanta rubutu.

Ba abin da zan yafe. Na tambaya ka amsa da abin da ka sani. Ni ce na ga fararen saiwoyi da idona na tsinke su.

Dashen ya iso saura kwana biyu Inna ta fita. Dikko ya sauke shi yana cewa, "Ga ango na kawo. Rabin ruwan salkata shi ya shanye, ni da jakai muka yi azumi." Kyakkyawa ne, Baffa. Na ɓoye shi a bayan rumbu, na murza ganye ɗaya na shaƙa, sai da na zauna a ƙasa.

Ranar fitar takaba da sassafe na ɗauki fartanya na shiga garka. Na kama busasshen zan tuge, sai na ga igiyar kabar da Baba ya ɗaure shi da ita a jikin turke. Ƙullinsa ne, irin wanda yake wa gafaka. In na sa sabon sai na kwance shi, kuma ban iya irinsa ba. Na tsaya har rana ta fito. Na ga in na dasa, kullum Inna ta zauna gindinsa tana cewa hannun Malam ne, ni kuma ina cewa e, har ranar da ɗayarmu za ta bi shi. Na mayar da fartanyar.

Da matan da suka zo taya ta fita suka watse, Inna ta yafa zane ta ce, "Kai ni wurin baƙo." Na wuce gaba, ta biyo ni. Ta tsaya a kansa. Ta shafa shi tun daga sama har ƙullin igiyar.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin Babbar Salla."

Ta ce, "Ya riga haka. Da, in kin dawo garka kin miƙo mini fura, hannunki ƙamshin ganye yake, kamar na ubanki. Tun Zulƙida ƙamshin ya ɗauke."

Na ce, "To Inna, don me kike tambayata kullum?"

Ta ce, "Ke don me kike amsa mini? Na ga shi ne ke fitar da ke daga ɗaki. Na ce in na daina tambaya za ki kwanta ki ƙi tashi."

Nan na faɗa mata maganar tulu, duka, yadda na faɗa maka. Sai ta ce, "Da kika ce kin cika, me ya ce?" Na ce, "Madalla da 'yar Malam." Ta ce, "To da ita ya tafi. Ki bar masa abinsa." Sai ta zauna a kan rairayin, ta rufe fuska da zane. Wata huɗu da kwana goma ban ji muryar kukanta ba sai ranar. Ba inuwa a wurin, Baffa. Na tsaya ta yamma da ita don in tare mata rana.

Ga dashenka nan Dikko zai mayar. Na ba shi ruwa na lulluɓe kaskon da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka ɗauka raini ne. Ka dasa shi a lakarsa, kusa da dabino, ka ce masa lemon Idi. In ya yi 'ya'ya ka aiko wa Inna biyu.

Maganar tasowa mun gode. Inna ba ta ce komai ba tukuna, ni ma ban tambaye ta ba. Amma aguwar gabas tana son a cike mata gurbi uku kafin iska, kuma ni kaɗai na san inda suke.

Abin da ya rage ban faɗa wa kowa ba, sai kai. Na tsinto ƙwallon kurna uku a ƙofar ɗakin Inna, na jiƙa su kwana biyu, na binne a ramin lemon. Busasshen ban tuge ba, shi zai zama turken wadda ta fito, da igiyar Baba a jikinsa. Kurna ba ta sauri, ban sani ba ko Inna za ta zauna a inuwarta. Na mayar da zana ta yamma. Na mayar da tulun inda yake, don ya riƙe su kafin ruwa ya zauna.

Da safen nan na je rijiya sau biyu. Na cika shi har wuya, na sa yatsa na taɓa ruwan, sannan na dawo na rubuta maka.

'Yarka Huraira.